Frederick Zeuner (1905–1963): Malamin Da Ya Karanta Fikafikan Ƙwari A Cikin Dutse

Akwai masana kimiyya waɗanda kowane ɗalibi ya san sunansu, irin su Newton da Pasteur. Akwai kuma waɗanda ba kasafai ake ambatonsu a aji ba, amma aikinsu yana nan daram, wasu suna ta gini a kansa. Frederick Everard Zeuner yana cikin kashi na biyu. Mun zaɓi mu ba da tarihinsa a bana domin tambayar da ya shafe shekaru yana fama da ita tana da sauƙin faɗa, amma amsarta tana da wuya. Ga tambayar: in mutum ya fasa dutse ya tarar da zanen fiffiken ƙwaro guda ɗaya, babu kai, babu ƙafa, babu ciki, ta yaya zai san wane ƙwaro ne? In kuma ya sami fikafikai biyu da suka ɗan bambanta, ta yaya zai gane ko iri biyu ne, ko kuwa iri ɗaya ne mai 'ya'ya daban-daban?

Haihuwa da karatu

An haifi Zeuner a birnin Berlin na ƙasar Jamus ran 8 ga Maris, 1905. Ya yi karatu a jami'o'in Berlin da Tübingen da Breslau. Birnin Breslau shi ne Wrocław na yanzu, yana cikin ƙasar Polan tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A can ne ya sami digirin dakta a 1927, yana ɗan shekara 22 kawai. Fanninsa shi ne ilmin duwatsu da ƙasa, da kuma nazarin burbushin halittu, wato ƙasusuwa da bawo da zanen jiki waɗanda dabbobi da tsire-tsire na zamanin da suka bari a cikin dutse. Malaminsa a Breslau shi ne Farfesa Wolfgang Soergel, masanin zamanin ƙanƙara. Zeuner ya koyar a Breslau daga 1927 zuwa 1930, sa'an nan ya koma jami'ar Freiburg, inda ya koyar daga 1931 zuwa 1934.

Tun yana matashi yana da sha'awa biyu waɗanda ba a cika samunsu a wurin mutum ɗaya ba. Yana son duwatsu, yana kuma son fara da gyare masu rai. Ya san su a daji, ya san su a kan teburin bincike. A 1931 ya buga nazari a kan ƙwarin da aka samu cikin wani jan dutse a Böttingen, a kudancin Jamus. A 1934 kuma ya buga wani nazari a kan karkanda, wanda ya nuna hanyar tunaninsa sarai. Ya auna ƙoƙon kan karkanda masu rai, ya ga cewa farar karkanda ta Afirka, wadda take cin ciyawa da kai a sunkuye, ƙeyarta dabam take da ta baƙar karkanda mai cin ganyen itatuwa. Da wannan ma'auni ya koma kan ƙoƙon kan karkanda mai gashi wadda ta shuɗe tun zamanin ƙanƙara, ya nuna cewa ita ma da kai a ƙasa take kiwo. Mu riƙe wannan da kyau: ya fara koyon mai rai tukuna, kafin ya yi magana a kan matacce. Haka ya yi da fikafikan ƙwari.

Barin gida

A 1933 Adolf Hitler ya hau mulki a Jamus. A watan Afrilu na wannan shekara aka kafa dokar da ta kori Yahudawa daga aikin gwamnati, har da koyarwa a jami'a. Ba a daɗe ba matsin ya kai ga waɗanda suka auri Yahudawa. Matar Zeuner Bayahudiya ce. Matashin malami mai shekara 29, wanda ƙofar ci gaba take buɗe a gabansa, ya zaɓi ya bar ƙasarsa da aikinsa, ya tafi da matarsa Ingila a 1934. Ya zamana tilas ya sake soma rayuwa daga tushe, ya kuma riƙa rubutu da Turanci, harshen da ba nasa ba.

Ya sami wurin raɓawa a sashen halittu na Gidan Adana Kayan Tarihi na Birtaniya a Landan, inda ya yi aikin bincike daga 1934 zuwa 1936. A ɗakunan ajiyar wannan gida akwai akwatuna cike da duwatsu masu zanen ƙwari. Da yawa daga ciki wani limamin Ikkilisiyar Ingila ne ya tara su, Rabaran Peter Bellinger Brodie, wanda ya rayu daga 1815 zuwa 1897, ya kuma buga littafi a kan burbushin ƙwarin Ingila a 1845. Waɗannan duwatsu ne suka zama makarantar Zeuner ta biyu.

Masu takobi

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu san ƙwarin da ake magana a kansu. Masana sun raba dangin fara gida biyu. Kashi na fari shi ne fara da muka sani a gona, mai gajerun ƙahoni, wato zare biyun nan da ke kanta. Da yawa daga cikin irin wannan fara suna yin ƙara ta wurin goga ƙafar baya a jikin fiffike, kunnensu kuwa yana gefen ciki. Kashi na biyu shi ne masu dogayen ƙahoni, wani lokaci har sun fi jikin tsawo. A nan gyare yake, da kuma koriyar farar nan mai kama da ganye wadda take kuka da dare, wadda Amurkawa suke kira katidid. Sunan wannan kashi a kimiyya shi ne Ensifera, ma'anarsa a harshen Latin masu ɗauke da takobi, gama tamatar tana da wani dogon tsinke a bayanta mai kama da takobi, da shi take saka ƙwai cikin ƙasa ko cikin tsiro. Kunnen gyare da katidid yana kan ƙafar gaba, ƙasa da gwiwa kaɗan.

Namijin ne mawaƙi, kuma da fikafikan gaba yake waƙar. A ƙarƙashin fiffike ɗaya akwai wata jijiya mai jerin ƙananan haƙora kamar magagarin maƙeri. A bakin ɗaya fiffiken akwai wuri mai kauri da kaifi, wato makankari. In ya ɗaga fikafikan ya haɗa su, makankarin yana bi ta kan haƙoran kamar yadda yaro yake jan farce a kan mataji. Kusa da wurin akwai fili mai laushi wanda yake kaɗawa kamar fatar ganga, yana ƙara wa sautin ƙarfi. Tamata ba ta da irin waɗannan kayan kiɗa na namiji. Wannan bambanci yana da muhimmanci ƙwarai ga abin da za mu gani a gaba.

Me ya sa fiffike ne aka fi samu a dutse? Jikin ƙwaro yana da laushi, yana ruɓewa da wuri, kifi da sauran masu farauta kuma suna cinye shi su bar fikafikan. Fiffiken gaba yana da tauri, ga shi marar nauyi. Iska ko ruwa yakan kai shi tafki ko bakin teku, ya nutse cikin laka mai laushi, wata lakar ta rufe shi. A kwana a tashi lakar ta zama dutse mai falle-falle. In an tsaga shi, sai a ga jijiyoyin fiffiken a zane kamar jijiyoyin busasshen ganye.

Yadda ake karanta fiffike

Jijiyoyin fiffike ba su tafiya barkatai. A 1898 wasu Amurkawa biyu, John Henry Comstock da James Needham, suka nuna cewa manyan jijiyoyin fikafikan ƙwari duka suna bin tsari ɗaya, suka ba su sunaye. Daga bakin fiffike na gaba zuwa na baya akwai kosta, da subkosta, da radiyus, da midiya, da kubitus, sai gajerun jijiyoyin da ke kusa da gindin fiffike. Kowace tana iya yin rassa, tsakaninsu kuma akwai ƙananan jijiyoyi masu gilmawa kamar matakan tsani.

Mai bincike yakan sa dutsen ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya haska shi daga gefe domin tudu da kwari su fito, sa'an nan ya zana kowace jijiya a takarda. Bayan haka sai ya shiga tambayoyi. Nawa ne tsawon fiffiken da faɗinsa? A ina radiyus ta rabu biyu, kusa da gindi ko kusa da tsakiya? Rassa nawa midiya ta yi? A ina reshenta ya haɗu da kubitus? Jijiyar waƙa a miƙe take ko a lanƙwashe, haƙoranta nawa ne? Akwai ratsin duhu da haske a jikin fiffiken? Gama a wasu duwatsun har ratsin launi yakan tsira, ko da yake ainihin launin ya tafi.

Amsoshin ne suke nuna wurin da za a ajiye ƙwaron. Masana suna jera halittu kamar yadda muke jera mutane: akwai babban dangi, a cikinsa akwai gidaje, a cikin kowane gida akwai iri-iri. Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta fari sunan gida, ta biyu sunan iri. Babban tsarin jijiyoyi yakan nuna dangi da gida. Raba iri da iri a cikin gida ɗaya, nan ne gizo yake saƙa.

Tarkunan da ke hanya

Tarko na fari shi ne namiji da tamata. Fiffiken namiji yana da faɗi a gindi, jijiyoyinsa sun karkace domin su ba kayan kiɗa wuri. Na tamata kuwa jijiyoyinsa suna tafiya kusan a miƙe. Wanda bai san ƙwari masu rai ba zai iya ɗaukar miji da mata ya raɗa musu suna biyu.

Tarko na biyu shi ne fiffiken gaba da na baya. Ƙwaro ɗaya yana da fikafikai huɗu. Na baya sirara ne, suna naɗewa kamar mafici, ba su kama da na gaba. In sun rabu kafin laka ta rufe su, da wuya a san na ƙwaro ɗaya ne.

Tarko na uku shi ne bambancin da ke tsakanin 'yan'uwa. Yadda 'ya'yan uwa ɗaya ba sukan zama tsawo ɗaya ba, haka ƙwari iri ɗaya sukan bambanta a girma da yawan rassan jijiya. Har ma fiffiken hagu da na dama na ƙwaro guda sukan saɓa wa juna da reshe ɗaya ko biyu.

Tarko na huɗu daga dutsen yake. Nauyin ƙasa da motsinta sukan ja dutse ta gefe ɗaya, sai fiffike ya ƙara tsawo ko faɗi fiye da yadda yake a raye. In kuma an tsaga dutse, zanen yakan fito a ɓari biyu, ɗaya juyin ɗaya kamar a madubi. In ɓari ɗaya ya tafi wannan gidan tarihi, ɗayan ya tafi wancan, ana iya ƙirga fiffike guda sau biyu.

Mai nazarin ƙwari masu rai yana da mafita daga waɗannan tarkuna. Yana iya sauraron kukansu, ya ga wane namiji ne yake bin wace tamata, ya duba gaɓoɓin ƙarshen ciki waɗanda suke bambanta iri da iri. Zeuner kansa ya yi irin wannan aiki. A 1941 ya sake tsara wasu katidid na Turai da Asiya da aka cusa cikin gidaje biyu kawai, ya raba su gidaje da dama. Sunaye irin su Roeseliana da Tessellana da ya raɗa a lokacin ana amfani da su har yau. Amma mai nazarin dutse ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fiffike kaɗai yake da shi, sau da yawa ma ɓari ne.

Waɗanda suka riga Zeuner ba kullum suka yi hattara ba. A 1856 Bajamushe Christoph Giebel ya raɗa wa burbushin ƙwarin Ingila sunaye da yawa ta wurin duban zanen da ke cikin littattafai, har da na Brodie. Ɗaya daga cikin sunayen shi ne Hagla gracilis, ƙwaro mai dogayen ƙahoni daga duwatsun farkon zamanin Jurasik, waɗanda masana ƙasa suke ƙiyasta shekarunsu wajen miliyan 200. Daga 1906 zuwa 1908 Anton Handlirsch na birnin Vienna ya buga babban littafi wanda ya tattara burbushin ƙwarin duniya, aiki mai daraja, amma shi ma ya ba ɓaraguzan fikafikai sunaye masu yawa.

Wani zai ce, ina ruwan wani da sunan ƙwaron da ya mutu tun tuni? Akwai dalili. Dokar sunayen dabbobi ta ce sunan da aka buga bisa ƙa'ida ba ya gogewa. Ko an gane kuskure ne, yana nan a rubuce, dole duk mai zuwa ya nemo shi ya tantance. Ban da haka, da waɗannan sunaye ake ƙirga yawan halittun kowane zamani. In an ba iri ɗaya suna biyar, lissafi zai nuna wadata inda babu ita, ya kuma nuna ɓacewar iri huɗu waɗanda ba su taɓa wanzuwa ba.

Littafin 1939 da ƙwaro guda a akwati

Sakamakon aikin Zeuner a kan waɗannan ƙwari ya fito a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Gidan tarihin ya buga shi da suna Fossil Orthoptera Ensifera, juzu'i biyu: na bayani mai shafi 321, da na hotuna mai falle 80. A ciki ya tattara burbushin masu takobi da aka sani a lokacin, ya koma kan duwatsun da kansu ya duba, ya kuma ajiye su gefe da gefe da danginsu masu rai. Ya bi tarihin kayan waƙar da na kunnen, abin da ya fara rubutu a kansa tun 1934.

A cikin akwatunan gidan tarihin akwai wani busasshen ƙwaro namiji da aka kawo daga Indiya. Francis Walker ne ya bayyana shi a 1869, sunansa yanzu Prophalangopsis obscura. Shi kaɗai ne namijin irinsa da yake hannun masana. Ga abin da ya sa ya zama abin mamaki. A wurin katidid na yau fikafikan gaba ba daidai suke ba: na hagu yana hawa kan na dama, shi ne mai magagarin da yake aiki, na dama kuwa shi ne mai makankari da fatar ganga. A wurin yawancin gyare na dama ne a sama. Amma wannan ƙwaro na Indiya fikafikansa biyu kusan ɗaya suke, kowane yana da magagarinsa. Haka ma fikafikan da ake samu a duwatsun zamanin Jurasik, irin su Aboilus wanda Barashe Andrei Martynov ya bayyana a 1925 daga Karatau a ƙasar Kazakistan.

Tun 1935 Zeuner ya buga nazarin da ya haɗa masu rai da na dutse a dangi ɗaya, Prophalangopsidae. Ashe ƙwaron da ke cikin akwati ragowa ne na wani dangi da ya cika dazuzzuka a da. Yau an san iri fiye da 90 na wannan dangi a dutse, masu rai kuwa ba su kai goma ba, suna zaune a duwatsun yammacin Amurka ta Arewa da wasu sassan Asiya.

Zeuner ya tafi gaba da haka. A ganinsa daga irin waɗannan tsofaffin ƙwari ne katidid da gyare duka suka fito, kuma sau ɗaya kayan waƙar suka samo asali. A wannan shekara ta 1939 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Kjell Ander, wanda ya yi nazarin kayan cikin ƙwari masu rai, ya kai ga ra'ayi dabam, cewa gyare da katidid ba su da kusanci haka. Binciken ƙwayoyin gado da aka yi a ƙarni na 21 ya sa gyare a reshe dabam, ya kuma bar dangin Prophalangopsidae kusa da katidid. Wato wani sashe na maganar Zeuner ya tsaya, wani sashe an gyara. Haka ilmi yake tafiya. Abin da ya sa aka iya gyara shi kuwa shi ne ya shimfiɗa hujjojinsa a fili, da zane da awo, yadda kowa zai iya dubawa.

Sauran aikinsa

Duniya ta fi sanin Zeuner da wani fanni. Daga 1936 ya zama malami a sabuwar Cibiyar Nazarin Kayan Tarihi ta Jami'ar Landan, wadda Mortimer Wheeler da matarsa Tessa suka yi ɗawainiyar kafawa. Ya sami babban digirin kimiyya na jami'ar a 1942. A 1946 ya zama farfesa, yana koyar da yadda ƙasa da ƙasusuwa da yanayi suke bayyana rayuwar mutanen da. A wannan shekara ya buga Dating the Past, littafi a kan hanyoyin sanin shekarun abubuwan da aka tono, wanda aka sake bugawa sau da dama. Ya je Indiya a 1949 ya yi nazarin gaɓar koguna a Gujarat. Sa'ad da Kathleen Kenyon take tono tsohon birnin Yariko daga 1952 zuwa 1958, shi ne ya yi nazarin ƙasusuwan awaki da karnuka da kyanwa da aka samu a can. Cikin ɗalibansa akwai Juliet Clutton-Brock, wadda ta shahara daga baya a tarihin dabbobin gida.

Duk da wannan yawan aiki bai yar da ƙaunarsa ta fari ba. A 1962 ya buga bayanin ƙwarin da aka samu a duwatsun Charmouth, a bakin tekun kudancin Ingila, ciki har da wani ɗan'uwan Hagla da ya raɗa wa suna Protohagla langi. A 1963 littafinsa na tarihin dabbobin gida ya fito. Ran 5 ga Nuwamba na wannan shekara ya rasu a Landan, yana da shekara 58. Tun yana raye, a 1951, Willy Ramme ya raɗa wa wani gidan katidid na Turai suna Zeuneriana domin girmama shi.

Bayan rasuwarsa

Waɗanda suka zo daga baya sun ci gaba daga inda ya tsaya. A 1968 Alexander Sharov na Tarayyar Sobiyet ya buga babban nazari bisa ɗimbin fikafikan da aka tono a Asiya ta Tsakiya. A 1987 Bajamushe Wolfgang Zessin ya gwada fikafikai masu yawa na dangin Elcanidae, ya nuna iyakar bambancin da ake samu a cikin iri ɗaya, ta haka sunaye da dama suka koma ƙarƙashin suna guda. Darasin a nan shi ne, fiffike ɗaya yana iya yaudarar mutum, amma in an jera hamsin a gwada, sai a ga abin da yake canzawa tsakanin 'yan'uwa da abin da ba ya canzawa. Abin da ba ya canzawa shi ne alamar iri.

Duwatsun Daohugou a yankin Mongoliya ta Ciki, ƙasar Sin, sun kawo taimako babba, gama a can akan sami ƙwaro sukutum, da fikafikai huɗu, wani lokaci har da takobin tamata. Daga can ne aka sami Archaboilus musicus, wanda Jun-Jie Gu da Fernando Montealegre-Z da abokan aikinsu suka bayyana a 2012. An ƙiyasta shekarunsa miliyan 165. Haƙoran magagarinsa sun tsira sosai har aka iya auna su. Masanan suka gwada awon da na iri 59 masu rai, suka lissafa cewa kukansa sauti ɗaya ne tsantsa mai kaɗawa 6,400 a daƙiƙa, wanda kunnen mutum yana iya ji. A 2022 kuma Charlie Woodrow da abokansa suka auna fikafikan ƙwaron nan na Indiya da na'urar haske, suka sami cewa kukansa yana wajen kaɗawa 4,700 a daƙiƙa. Hanyar dai ita ce ta Zeuner: a auna mai rai, sa'an nan a tambayi dutse.

Abin da za mu ɗauka

Ɗalibai, akwai abubuwa biyu da muke so ku tafi da su. Na fari ya shafi aikin aji. Sa'ad da malamin kimiyya ya ba ku fara ko ganye ya ce ku zana, ku zana abin da idonku ya gani, ba abin da kuka haddace daga littafi ba. Ku ƙirga, ku auna, ku rubuta. In kun ga bambanci tsakanin abu biyu, kada ku yi hanzarin yanke hukunci, ku nemo na uku da na huɗu tukuna. Wannan damina, duk wanda ya kama gyare biyu, mai tsinke a baya da marar tsinke, ya duba fikafikansu na gaba da madubin ƙara girma, zai ga tarkon fari da idonsa.

Na biyu ya shafi hali. Zeuner ya rasa ƙasa da matsayi yana ɗan shekara 29 domin matarsa Bayahudiya ce. Bai zauna yana kukan abin da ya wuce ba. Ya karɓi ɗan aikin da ya samu a baƙuwar ƙasa, aikin duban ɓaraguzan fikafikai waɗanda mutane kaɗan ne suka damu da su, ya yi shi da gaskiya da haƙuri. Cikin shekara biyar ya fitar da littafin da masu bincike suke ambata har yanzu, fiye da shekara 80 bayan fitowarsa. Waɗanda suke barin makaranta a bana, ba mu san irin aikin da zai fara zuwa hannunku ba. Ko ƙarami ne, ku yi shi yadda wanda zai zo bayanku zai iya dogara da shi.